Baba Tunau bai ruɗe ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Baba Tunau mai gangar noma ya rasu. Da safen nan ina shirin fita islamiyya mahaifiyata ta bugo mini waya daga Karaye ta gaya mini. Ta ce jiya ma shi ya kai kansa masallaci. Kafin rana ta take har an kai shi makwancinsa.

Hawayena bai bushe ba na buɗe waya, sai ga bidiyon nan ya dawo.

Da yawanku kun san shi. Wani tsoho rataye da ganga ya zamo daga kan dandamali, wayar makirufo ta fizgo ƙarfe ya faɗi, mai gabatarwa yana ihu, “Baba, netwok ya ɗauke!” Yau an sake ɗora shi. An rubuta a sama, “Allah ya jiƙan Baba Netwok”, an jera fuskar kuka da fuskar dariya wuri ɗaya.

Sunansa Tunau. Yana da mata, yana da 'ya'ya da jikoki, kuma suna da waya kamar yadda kuke da ita.

Waɗanda suka san ni sun san ba ni da magana. A aji ma sai malam ya maimaita sunana kafin in ɗago kai. Amma ina wurin ranar da aka ɗauki bidiyon nan, na ga farkonsa, na ga abin da aka yanke. Mu uku ne abin ya shafa: shi, da kakana, da ni. Kakana ya rasu bara. Yau shi ma ya tafi. In na yi shiru, to shi ke nan, da wannan sunan za a bar shi.

Ina roƙon a sauke bidiyon. Ku karanta ku ji dalili.

Baba Tunau makaɗin gidanmu ne. Kakana ana ce masa Sarkin Noma, ba naɗin fada ba ne, suna ne da ya bi gidanmu tun kakanni. In an yi gayya, wato an taru a yi wa mutum ɗaya noma, Baba Tunau ne yake bin bayan manoma cikin kunyoyin gona yana kiɗa, su kuma suna zuba garma. Kowane gida da takensa. Da ya juya gula, wato sandar kiɗa, mai take ya san da shi ake.

Bai taɓa kiran sunana ba, don sunan mahaifiyarsa gare ni. “Inna” yake ce mini tun ina rarrafe. In ya gan ni da tulu sai ya tsaya ya ce, “Inna, wa ya aike ki? Ke da ɗanki na raye?” Ya karɓa ya kai mini har ƙofar gida, tsoho da shi.

Ranar da zan taho Jega makaranta shi ya ɗauki akwatina a ka har bakin titi. Ya ƙulla mini ƙuli-ƙuli a leda ya ce, “In malamai sun dame ki, ki ce kina da ɗa mai ganga, shi zo shi hana su barci.”

Shekara biyu da suka wuce, bayan ƙaramar salla, wasu samari suka shirya wasa a wani fili nan Jega. Mawaƙan zamani za su zo. Suka je har Karaye suka ɗauko Baba Tunau, wai suna son “ɓangaren al'ada” kafin manyan baƙi su hau.

Kakana ya ji labari ya ce sai ya je. Lokacin idonsa ya yi rauni, bayansa ya ranƙwafa, ya daɗe bai taka gona ba. Aka yi ta ba shi baki ya ƙi. Ya ce, “Tunau na kiɗi garin mutane, ni ina kwance? Wa za shi tsaya mai?” Da yake ina hutu a gida, ni aka ce in riƙe masa hannu.

Ban taɓa zuwa irin wannan wasa ba. Ko na biki, daga bakin zaure nake leƙe.

Ba zan yi ƙarya ba, da muka shiga filin bayan la'asar abin ya burge ni. Lasifika sun fi ni tsawo. In aka saki kiɗa, a ƙirjina nake jin shi, har haƙorana suna kaɗawa. Hayaƙin janareta ya gauraya da ƙamshin tsire. Samari sun ɗare kan motocin albasa da suka taho daga Aliero don su hango da kyau. 'Yan mata sun sha kwalliya, ni kuwa ina cikin hijabin makaranta ina jan tsoho. Na ga wani mawaƙi da nake jin muryarsa a waya yana tafiya da ƙafafunsa, na yi ta mamaki ashe gajere ne.

Kujerun gaba na masu kati ne. Wani mai jar riga ya tare mu ya ce, “Baba, ku koma baya, nan ba wurinku ba ne.” Muka koma can gefe kusa da mai sayar da rake, muka tsaya. Ba wanda ya tashi ya ba kakana wuri.

Sai aka kira Baba Tunau.

Sun sa masa wata hular kaba mai tuntaye da bai taɓa sa irinta ba. Sun ɗaure makirufo a jikin gangarsa da igiya, wayar ta bi ta wani dogon ƙarfe da ke tsaye a gefensa. Ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar dandamali yana waige-waige. Mutumin da duk rayuwarsa bayan manoma yake bi, yau an ce ya yi kiɗa ba kowa a gabansa sai kawuna.

Ya fara a hankali. Mutane suna ta hirarsu.

Kakana ya matse mini hannu ya ce, “Ɗiyata, shina ina?” Na ce ga shi can sama. Ya cire hularsa ya ɗaga.

Baba Tunau ya hango hular. Na ga lokacin da ya hango ta. Gular ta tsaya cak.

A nan bidiyonku ya fara.

Abin da kuka gani kuka ce faɗuwa, ba faɗuwa ba ce. Matakalar tana bayan dandamali, an cika ta da kaya. Gwiwoyinsa ba za su iya tsalle ba. Sai ya zauna a bakin katako ya zamo a hankali, yadda kowane tsoho yake sauka daga amalanke. Wayar da su suka ɗaura masa, ba shi ya ɗaura ba, ita ta jawo ƙarfen. Lasifika suka yi ƙara, fili ya ɗauki dariya, mai gabatarwa ya faɗi maganarsa.

A nan bidiyonku ya ƙare.

Shi ko waiwaye bai yi ba. Ya tsinke igiyar, ya ratsa kujerun masu kati, ya ratsa 'yan tsaye, har inda muke. Ya russuna gaban kakana ya ce, “Sarki, ka yi min gahwara, ban san kana nan ba.” Sannan ya zagaya bayansa, inda makaɗi yake tsayawa a gona, ya saki taken gidanmu.

Na sha jin labarin taken nan a bakinsa. Ya ce lokacin da Nasara suka fara shigowa ƙasar nan, wata damina aka kwashe majiya ƙarfin garinmu aka tafi da su ɗaukar kaya da aikin hanya. Ciyawa ta tashi za ta cinye gero. Kakan kakana, da aka bari saboda gurguwar ƙafa, shi ya ɗauki garma ya bi gonakin mutane ɗaya bayan ɗaya, mata da tsofaffi suna taya shi. Kakan Baba Tunau ya rataya ganga ya bi bayansa don kada ya faɗi. Kiɗan da ya yi masa ke nan. Tun daga nan ba a kaɗa shi sai ɗan gidan yana gaba, makaɗi yana baya, ƙafarsu a ƙasa ɗaya.

Labari na sani. Ban taɓa ganin abin da yake yi wa mutum ba sai ranar.

Kakana ya saki hannuna. Bayansa da ya daɗe a ranƙwafe ya miƙe, har na ji yana ƙara. Ya kama sandarsa hannu biyu kamar ƙotar garma, ya kai wa ƙasa sara, ya ja, ya taka, ya sake kai sara. Yana tafiya, Baba Tunau yana binsa. Ya buɗe baki ya yi kirari da wata murya da ban san yana da ita ba.

Mai rake ya ajiye wuƙarsa. Wasu dattawa mahauta da ke gefe suka matso suna cewa, “Gaishe ka, namiji! A bar gona ga mai ita!” Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Ni kuwa ina riƙe da takalmin kakana da ya fita, ina kuka ban san dalili ba.

Ba a bari sun kai ƙarshe ba. Aka saki kiɗan inji da ƙarfi ya danne gangar. Babban baƙo ya hau yana motsa baki, waƙar tana fitowa daga na'ura, har ya juya yana gaisawa da wani muryarsa ba ta tsaya ba. Wannan ba wanda ya ɗauka ya yi dariya.

A mota muna komawa na tambayi Baba Tunau me ya sa bai ƙarasa a sama ba, tun da can ne kowa zai ji. Ya dube ni kamar na yi saɓo. Ya ce, “Haba Inna. Ba a kaɗa ma mutum takenai kana bisa, shina ƙasa. Ko ubana bai yi ba.”

Shi ke nan abin da ya faru. Ladabi ya yi. Ku kuka mai da shi hauka.

Bayan nan bidiyo ya zagaya. Yara a kasuwar Jega suka riƙa binsa suna “Baba Netwok, ya dawo?” Wani mai shago ya tare shi ya ce ya sake zamowa a ɗauka. Mutumin da tun yana saurayi ba ya fashin kasuwar nan, ya daina zuwa. Fatar ganga ma sai dai ya yi saƙo.

Ganina da shi na ƙarshe hutun da ya wuce ne, a tashar Maiyama. Yana zaune kan benci da buhun dawa a gabansa. Muka gaisa, ya tambayi karatu, sai ya sassauta murya ya ce, “Inna, an ce ina cikin waya. Ke mai ilimi ce, gaya min gaskiya, mi nika yi ciki?”

Na gaya masa. Ban rage komai ba, don shi ya ce gaskiya.

Sannan ya ce, “Sun ɗauki inda Sarki yat tada sanda?”

Na ce a'a.

Ya ce, “To, ba su ɗauki komi ba.” Ya yi 'yar dariya. Amma da motarsu ta cika na ga ya ja rawaninsa ya rufe rabin fuska kafin ya ratsa samarin tasha. Baba Tunau, da ake jin gangarsa daga Karaye har gonakin Dangamaji, shi ne yake ɓoye fuska.

Ɗazu na rubuta a ƙarƙashin shafin waɗanda suka shirya wasan, cikin ladabi, na ce don Allah su cire. Suka goge maganata. Wani ya biyo ni ta saƙo ya ce, “Ke yarinya, raha ce fa, ai mu muka sa duniya ta san shi.”

Duniya ta san shi da me?

Kun ɗauko tsoho daga gidansa, kun sa masa hular da ba tasa ba, kun ɗaure shi da waya, kun hana ubangidansa kujera. Da ya yi abin da aka koya masa, kun yanke rabin da ya ba ku dariya kun watsa. Yau ko ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba kun sake fito da shi don a danna muku alamar so. Wannan ba ta'aziyya ba ce. In raha ce, ku ɗora ta kakanninku mu gani.

Ba na zagin kowa, ba a koya mini ba. Da yawanku kun tura ne ba ku san komai ba. To yanzu kun sani.

Gobe in Allah ya kai mu zan tafi Karaye gaisuwa. Mahaifiyata ta ce Iya Hajo, matarsa, ta ga jikokinta sun haɗa kai a kan waya a wurin zaman makoki, ta ji muryar mai gabatarwar nan ta fito. Ta tambaya, “Har yau ba su bar shi ba?” Na san in na durƙusa gabanta ni za ta tambaya, don ni ce 'yar makaranta.

Ku ba ni abin da zan gaya mata. Wanda ya ɗora ya sauke. Wanda yake da shi a waya ya goge. Wanda ya gan shi a wani wuri ya ce wa mai shi sunan mutumin nan Tunau, kuma ya rasu.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Tunau. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka suturta shi a can fiye da yadda muka kasa suturta shi a nan. Ka haɗa shi da kakana a Aljanna Firdausi. Ka ba Iya Hajo da 'ya'yansa haƙuri. Mu kuma in tamu ta zo ka sa mu cika da imani.

Don Allah duk wanda ya karanta har nan, ya karanta masa Ƙulhuwallahu, ya kira shi da sunansa na gaskiya cikin addu'ar.