Hadari, Ba Haɗari Ba

Damina guda aka goge mini daga kwamfuta, kuma ni aka ce ban yi aiki ba.

Na shiga ajin yaƙi da jahilci ina da 'ya'ya huɗu, na gama digiri da furfura a kaina. Aikin da na fara samu shi ne kallon sama. Kullum da hantsi, lokacin da tauraron ɗan'adam ke wucewa ta kan Sakkwato, nakan hau saman benen sashenmu a jami'a, in raba sama gida takwas da ido, in rubuta a littafi gida nawa girgije ya rufe. Sannan in saita wata 'yar na'ura ga rana, ta auna hayaƙin da ke cikin iska: na itacen girki, na bola, na keke mai ƙafa uku. Dakta, mai binciken, shi ke gwada awona da hoton tauraron. In sun dace, sunana zai shiga rahoton.

A gefen littafin akwai wurin ƙarin bayani. Da Hausa nake cika shi. Sama tas. Gajimare. Hadari.

Wata Laraba Dakta ya kira ni ofis.

"Hajiya, tauraro ya ga girgije duk damina, ke a naki sama tas. Halan a ɗaki kike zama ki rubuta?"

"Dakta, dubi goshina. Ya yi kama da na mai zaman ɗaki?"

"Ba ma sa awonki. Sunanki kuma sai wani karo."

Na wuce wurin mai shigar da littafin a kwamfuta. 'Yar Filato ce, mai kirki, Hausarta har ta fi ta wasunmu gudu, amma a baki ta koye ta. Na ce ta buɗe mini Agusta. Rabin watan babu.

"Mama, ai ke kika rubuta haɗari. An ce duk ranar da na'ura ta samu matsala in cire layin."

"Mi kika gani nan? D ce. Ina ƙugiyarta?"

Ta duba, ta sake dubawa, ta dafe baki. Sai kuka. Ni na miƙa mata hankici.

Ban ji komai a raina ba. Na hau keke zuwa gida, unguwar Arkilla, ruwa ya tare mu a hanya, ban ko sauke labulen ba. Na tuƙa tuwo, na ci. Abin da kawai ke yawo a kaina shi ne allon ajinmu na manya, da makonnin da na yi ina koyon lanƙwasa kan harafin nan, jikar maƙwabciyata na yi mini dariya.

Washegari na kwaso littattafan duka a buhun shinkafa. Na riga kowa zuwa, na ja kujerarta gaban kwamfutar. Da yatsa biyu nake bugawa. Na fara da hadarin farko na watan Mayu.