Hular Kwanon da Na Saya a Mawashi

Jama'a, abin da zan ba ku ba a bakin wani na ji ba, da ni aka yi, kuma Allah shi ne shaidata. 'Yan shekaru ne bayan an ba mu jihar Katsina, lokacin ina sana'ar gwangwan a Kankia, ina da wata tsohuwar a-kori-kura da nake zagaya ƙauyukanmu da na Kusada da ita, ina sayen tsohon ƙarfe, garma da ta mutu, tukunyar da ta fashe, kome dai, in tara in kai Kano. Ni mutum ne da ba ya yarda da abu sai ya ɗora shi a sikeli, wannan ku riƙe.

Wata rana cikin bazara, ana irin zafin nan da ko kaji ba su fita, na tsaya a Mawashi, sai wani magidanci mai suna Sale ya fito mini da tarkace cikin buhu, a ciki har da hular kwano ta soja, ta yi tsatsa, maɗaurinta ya ruɓe. Ya ce ta tsohonsa ce, Baba Kofur, wanda ya yi yaƙin Burma, shekara da shekaru tana ƙarƙashin gadonsa ba ta amfanin kowa. Na haɗa da sauran na biya na wuce.

Da na iso Kankia da hantsi washegari na fara ware kaya, na ɗauki hular nan da hannu ɗaya, ba ta fi kwanon tuwo nauyi ba, amma ina ɗora ta a sikeli sai allura ta tafi kamar na aza kan bijimi. Na ce sikeli ya lalace. Na sauke na gwada shi da dutsen awona, lafiyarsa lau. Na sake ɗorawa, haka. Na kifa ta in ga ko ƙasa ce ta cushe a ciki, sai na ji tafina ya jiƙe. Wallahi cikinta sharkaf yake, yana warin ruɓaɓɓen ganye irin na bakin fadama, kuma a jikin ƙarfen ga matsattsaku guda, baƙi, mai rai, yana miƙewa yana tsukewa. Ku tuna fa, wata biyar ba a ga ɗigon ruwa ba, hular kuma a bayan mota ta wuni cikin rana.

Ban gaya wa kowa ba. Na naɗe ta a buhu, na ce abin da ban gane ba ba zan kai wa maƙera su narke ba, na koma Mawashi.

Na tarar da gidan a hargitse. Sale ya tare ni a zaure yana ta rantsuwa cewa dama nemana zai tafi, don tun da tsohon ya laluba ƙarƙashin gado bai ji hular ba ya daina cin abinci, ko kunu ya ƙi, kuma ya ƙi yi wa kowa magana. Aka shigar da ni. Tsohon dogo ne, duk ya rame, amma a zaune yake ƙyam kamar an kira fareti. Na ajiye buhun gabansa, ya buɗe ya shafa ta, ko kallon jiƙar bai yi ba, alamar ya saba. Sai ya kori ɗansa waje, ya ce in zauna.

Ya ce hular ba tasa ba ce. Ta abokinsa ce, Buba, wani Bafulatani ɗan Kaikai, rana ɗaya aka ɗauke su soja, jirgin ruwa ɗaya ya kwashe su daga Ikko, suka yi makonni ba su ga ƙasa ba, Buba yana ta amai yana cewa in ya koma gida ko rafi ba zai ƙara tsallakawa ba. Ya ba ni labarin dajin da rana ba ta taɓa ƙasa, da jiragen sama da ke jefo musu abinci ɗaure a laimar sauka, da addunan da suke saran hanya da su, da matsattsaku da ke shiga har cikin takalmi. A bakin wani kogi Japanawa suka yi musu kwanton ɓauna, harsashi ya sami Buba a ciki, Bature ya ce a ja da baya, wanda ba zai ɗauku ba a bar shi. Buba ya cire hularsa ya ba shi, ya ce ya kai wa innarsa, sannan ya roƙe shi abu ɗaya, ya kwantar da shi ya fuskanci alƙibla.

"Na duba inda hasken safiya ke ratso ganye, na juya shi gabas," in ji tsohon. "Alhali tun a Indiya limaminmu ya gaya mana, a can ƙasar alƙibla yamma take. Na sani, ɗan nan. Amma hannuna ya yi abin da ya saba yi a gida. Sai bayan kwana biyu na tuna. Ƙeya na sa ya ba Ka'aba, na tafi na bar shi da rai."

Ya ce da wane baki zai gaya wa uwa wannan. Kaikai ga ta nan, ba nisa, amma kusan shekara hamsin ko kasuwar da mutanensu ke ci ba ya zuwa. Yanzu ya ji a jikinsa kwana ya ƙare, yana tsoron ya tarar da Buba a lahira da amanarsa a hannu. Ya tambaye ni ko motata za ta kai shi. Na ce tashi mu tafi, Baba.

Mu biyu muka tafi, ni da shi a gaba, hular a cinyarsa. Da azahar muka isa, muka yi tambaya aka nuna mana wata ruga bayan gari, aka ce uwar ta daɗe da rasuwa, saura ƙanwarsa, Goggo Dije, tsohuwa mai sayar da nono. Muka same ta a inuwa tana dama fura. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta ajiye ƙwarya, ta ci gaba da gaisuwa. Baba Kofur bai taɓa furar ba, ya ajiye hular gabanta ya faɗi kome, bai rage ko kalma ba, har zancen juyawar. Da ya gama ta ce innarsu ta hana a yi wa Buba sadaka har ta mutu, ta ce sai wanda ya gani da ido ya zo, kuma su ma ba su yi ba. Ta ce gobe za a yi. Maganar alƙibla kuwa, ta ce masa, Allahn da ya halicci gabas da yamma ya san abin da ka nufa, ni dai na yafe.

Sai a lokacin na lura ludayi uku ta sa a ƙwaryar. Na ce, Goggo, ai mu biyu ne. Ta dube ni kamar na yi wauta.

"Yo saurayin da ya riga ku saukowa fa? Dogon nan. Na ɗauka ɗanka ne, na ma ce ba ya da gaisuwa."

Ta nuna wani fili kusa da turken shanu, ta ce can ya wuce ya tsaya, inda bukkar innarsu take a da. Na duba, ba kowa sai maraƙi ɗaure. Baba Kofur bai juya ba, murya ƙasa-ƙasa ya tambaye ta ina yaron ya fuskanta da ya tsaya.

"Gabas mana," in ji ta, "kamar kowa."

Tsohon nan ya sunkuyar da kai ya yi kukansa. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauki ludayi ya sha furar nan sosai, har ya ce a ƙara nono. Sati bai cika ba Sale ya aiko mini cewa Allah ya yi wa tsohon rasuwa.

Na tambayi malamai, wani ya ce aljani ne, wani ya ce idon tsufa ne, ni dai ban sani ba, kuma ban ƙara taka rugar ba. Abin da na sani shi ne gaban motar nan mutum uku yake ci, kuma har muka isa Kaikai Baba Kofur a manne da ƙofa ya zauna, ya bar tsakiya fili, ni kuwa ban tambaye shi dalili ba.

Shawarata gare ku, in akwai saƙon wani a hannunku, ku kai shi tun kuna iya tafiya da ƙafarku, ko da abin da za ku faɗa bai yi muku daɗi ba. Ku kuma masu tsofaffi a gida, kafin ku fitar da abin da ke ƙarƙashin gadonsu, ku tambaya tukuna. Allah ya jiƙan mazan jiya, na nan da waɗanda aka baro can.