Zaman Abdulƙadir Gaban Bango

Mu huɗu ne a gidan ranar: ni, da autana Abdulƙadir, da matarsa Safiya, sai maƙwabciyata Hajiya Tabawa da ta shigo aron turmi ta zauna har la'asar. Ita ce ta leƙa ɗakin aikinsa ta dawo tana riƙe da haɓa.

"Hauwa, ɗan nan naki lafiya kuwa? Ya ba duniya baya ya tasa bango a gaba. Wallahi wannan sai ruƙiyya."

Na riga ta gani. Wata uku ina sa masa ido. Kafinta ne, yana cikin masu gyaran tsofaffin tagogin katako na Balad, tsohuwar unguwar cikin gari, waɗanda muke ce wa roshan. A can ya haɗu da wani tsoho ɗan Japan, ya koya masa aikin ƙasarsu: a haɗa katako da katako ba ƙusa ba gam, a fafe wannan, a sassaƙe wancan, har su shige juna. Zartonsu ma jawo shi ake yi wajen ciki, ba turawa ba. Duk wannan bai dame ni ba. Zaman ne ya hana ni sukuni. Kafin ya taɓa kayan aiki sai ya tanƙwashe ƙafa a kan wani ɗan matashi, ya fuskanci bango, ya yi tsit. Wai zen sunan abin.

Na kira shi gaban Tabawa na ce, "Wa kake bauta wa a bangon nan?"

"Ummi, ba kowa. Numfashina kawai nake bi, hannuna ya daina gaggawa."

Nan na rantse da Allah: gobe malam zai zo ya yi masa ruƙiyya, matashin nan a jefar, in ya ƙi ya bar mini gida. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Halas, shi ke nan, Ummi." Safiya ta shige kicin tana share ido.

Bayan magariba na hau saman gida. Iskar teku ta taso da ɗan laima, ta kwaso ƙanshin katakonsa ta gauraya da hayaƙin gawayin wasu maƙwabta. Sai na ga kamar ban tsufa ba, kamar ina zaune a tabarmar Kaka.

Kakata da ƙafa ta zo ƙasa mai tsarkin nan daga gida, shekaru tana tafe. Lokacin unguwarmu Kurayyat rumfunan kwano ne da katako. In an idar da magariba sai ta hura gawayi ta ɗora kaskon gyaɗar da za ta sayar washegari, mu jikoki mu kewaye ta. Can nesa fitilun jiragen alhazai suna lilo a kan ruwa, ni kuwa ina zaton taurari ne suka sauko shan ruwa. Ba ta fara labari sai ta ɗaga ludayi ta ce, "Ga wata baƙuwa nan tafe daga gida, ƙafarta duk ƙura." Mu ce, "Ta shigo ta huta."

Akwai guda ɗaya da ba na so. Labarin wani masassaƙi ne, shi kaɗai wurin uwarsa, a wani gari da ba shi da ƙyaure, kuraye na shigowa suna ɗauke awaki. Wani tsohon itacen maɗaci ya zo masa a mafarki ya ce, "Zan zama ƙyauren garinku, amma kada ƙarfe ya kwana a jikina. Zo ka zauna gabana kwana bakwai. Kullum zan gaya maka wuri ɗaya da zan haɗu da kaina."

Kaka takan rage murya a nan, har sai mun ji ƙarar gyaɗa a yashi. Kowace safiya saurayin ya zauna shiru gaban itacen har ya ji maganarsa, da yamma ya zagaya baya ya sassaƙa. Uwar kuwa da safe take kawo abinci. Ta ajiye, bai dube ta ba. Mata a bakin rijiya suka ce mutanen itacen sun ɗauke shi. A rana ta bakwai ta zo da turaren hayaƙi da ƙwarya, tana bugawa tana ƙwala masa kira. Itacen ya yi shiru, bai ƙara magana ba. Ƙyaure ya haɗu wuri shida, na bakwai sai da ƙusa. Kowace damina jan ruwa na zubowa daga gindin ƙusar kamar hawaye, har wurin ya ruɓe, kuraye suka sami hanya.

Ni dai na miƙe na ce, "Kaka, ai uwar ta yi daidai! Da ni ce, ranar farko zan ja shi gida da kunne."

Ta yi dariya har ludayi ya faɗa kasko. "Ku ji mini askar, 'yar sandan unguwa! Zauna, uwar iyayi. Ita ma sonsa take yi. Amma kwana shida tana zuwa, ko sau ɗaya ba ta zagaya bayan itacen ta ga abin da hannunsa ya yi ba."

Na tura baki, ta cusa mini gyaɗa mai zafi a hannu. Haka na girma ina bayan uwar masassaƙi. Da idon nan nawa na yi renon 'ya'ya bakwai a garin da yaro ke ɓacewa tsakanin lungu da lungu, kuma ban yi nadama ba.

Amma a saman gidan nan na tambayi kaina abin da na gani a wata ukun. Sallarsa ko ɗaya ba ta wuce ba. Ladan na buɗe baki yake barin bangon ya yi alwala. Abdulƙadir da na sani, wanda in katako ya tsage yake jifa da guduma, Safiya ta sha faɗan, rabon da in ji muryarsa a sama har na manta. Duk na gani, amma zaman kaɗai na riƙe.

Da ya tafi sallar isha na sauka na shiga ɗakin, karo na farko. Wata 'yar taga na jingine, ƙananan itatuwa siraran gaske sun saƙu da juna kamar ganyen da ke kan ruwa. Na bi ta da farce ina neman inda aka haɗa, ban samu ba. Na ɗaga ta wajen fitila, inuwarta ta zubo mini a zane kamar furanni.

Washegari na ɗauki kujerata na ajiye a ƙofar ɗakin. Yana ciki, yana zaune. Can sai ga Tabawa da malam, da gorar ruwa a hannunsa. Na gaishe shi ƙasa-ƙasa.

"Malam, ruƙiyyar mun fasa. Tambaya ce da ni. Na yi rantsuwa, zan karya ta. Mutum nawa ake ciyarwa?"

"Goma, Hajiya."

Tabawa ta buɗe baki, na ɗaga mata yatsa. Na leƙa kicin na ce, "Safiya, yalla, maza ɗora babbar tukunya. Kuma ki bi murfin a hankali, mijinki yana aiki."