Abin da Ya Shaƙe A-kori-kurar Yaya

Shekarar da rake ya yi kyau a Dandamisa, ni nake tuƙa a-kori-kurar yayana. Mota tasa ce, wahala tawa. In ɗauko rake da mazarƙwaila daga gonaki in kai kasuwar Maƙarfi, ranar da babu kaya kuma in ɗebi masu tumatir zuwa Ikara. Tsohuwa ce, amma da na murɗa makulli take amsawa.

Ana tsakiyar saran rake ta canza hali. Da safe sai in yi ta murɗawa tana tari, har sai maƙwabta sun fito sun tura ni suna yi mini tsiya. In ta tashi, salansa ta riƙa aman baƙin hayaƙi. Man da a da yake kai ni Kudan ya dawo da ni sai ya koma ƙarewa a hanyar dawowa.

Yaya ba mai faɗa ba ne, kallo yake yi. Sai ya fara zura kara a tanki kafin in fita, in na dawo ya sake zurawa. Na ci gaba da aikina. Amma ranar da na ji a majalisa cewa ya bi 'yan bumburutu yana tambaya ko ina sayar musu da mai, raina ya ɓaci ƙwarai, ko tuwo ban iya ci ba. Da na same shi da maganar, bai musa ba.

"Mota ba ta shan mai a tsaye," in ji shi. "In kasuwa ta zagayo ba a gane kanta ba, ka kawo makulli. Ƙanen matata ma ya iya tuƙi."

Daga nan nima na daina yarda da kowa. Na zargi mai bumburutun bakin tasha da haɗa man da ruwa, na koma gidan mai, ba ta sake zani ba. Na zargi bakaniken da ya canza fulogi, na ce tsofaffi ya wanke ya mayar. Shi kuwa ƙanen matar Yaya, ko gaisuwa ya yi mini sai in ga kamar aljihuna yake kallo. Har toka na barbaɗa a murfin tanki don in ga sawun yatsa, gari ya waye tokar tana nan yadda na bar ta.

Ana gobe kasuwa Yaya ya ce mu je Ikara wajen wani bakanike da ba ya sanin kowa a cikinmu. Mutumin ya kwance fulogi ya nuna mana, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

"Alhaji, babu wanda ya sace man nan," ya ce wa Yaya. "Ƙona shi take yi a banza. Iska ce ba ta ishe ta."

Ya buɗe gidan matatar iska, matatar lafiya lau. Sai ya cire ta ya leƙa maƙogwaron kafireta, ya zura yatsu biyu, ya zaro wani abu. Laya ce, ɗinkakkiya da jar fata, ta jiƙe sharkaf da fetur. Ta gangara ta danne marfin cok, ta kusa toshe hanyar iska.

Na ɗauka na fita daga zargi. Ashe da sauran aiki, domin Yaya ba ya shiri da laya ko kaɗan, duk wadda ya gani a wuyan yaran gida sai ya tsinke ta ya ƙona. Ya juyo ya dube ni.

"Abin har ya kai nan? Ka sa don ka rufe mini baki?"

Na rantse, bai saurare ni ba. Ni kuma a zuciyata na gama yanke cewa surukinsa ne ya binne ta don a raba ni da motar. Muka kamo hanyar gida, injin yana tafiya sumul.

Muka tarar da Inna a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Yaya ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya ajiye layar a bakin tabarma.

"Inna, ki ga aikin autanki."

Ta ɗauka ta juya ta, ta goge fetur ɗin da gefen zanenta.

"Wa ya ce ku cire?"

Ta ce ita ta karɓo wajen malam, aka ce a ajiye inda ruwa da ido ba sa kaiwa. Ta sha ganina ina buɗe murfin gidan matatar iska ina kakkaɓe ƙura, noti ɗaya ne, ko murfin langa ya fi shi wuya. Sai ta faki ido ranar da muka tafi masallacin Juma'a ta saka ta a ciki.

"Hanya ce ta cinye ubanku," ta ce, ba ta dubi kowa ba. "Kullum yaron nan ya fita da kaya har sama, ni ba na zama sai na ji kukan motar a ƙofar gida. Kai kana auna mai, ni shi nake aunawa."

Ban taɓa sanin tana jirana haka ba, sai na ji idona ya kawo ruwa. Yaya ya daɗe a durƙushe. Can ya miƙa hannu biyu ya karɓi layar ya fita. Na bi shi, ina jiran in ga ya nemi ashana.

Sai na same shi a guiwa bakin ƙofar direba, ya zura kai ƙarƙashin kujerata yana ɗaure layar da waya. Da ya gama ya ja ta ya ji ta kamu, ya kakkaɓe wandonsa, ya ajiye makulli a kan kujerar.

"Gobe akwai kaya a ƙauyen Taba," ya ce. "Kada ka yi gudu."