Ƙanwata Ce Ke Riƙe da Sandar Tuƙi

Kuskurena na farko shi ne ɗaga hannu. Koci, matar da ke koya mana tuƙin jirgi, ta tambaye mu, "Akwai wanda ya taɓa shiga jirgin ruwa?" Ni kuwa na sha hawa ƙaton jirgin nan da ke tsallakar da mutane zuwa tsibirin Staten Island kyauta, har kujerar da na fi so nake da ita a ciki. Na ɗaga hannu har kafaɗata ta yi ƙara. Ta ce to madalla, in zo in riƙe sandar tuƙi.

Ashe sandar nan munafuka ce. In ka tura ta dama, jirgi ya yi hagu. Na ga mun nufi gadar katakon da ake ɗaure jirage, na tura sandar, muka ƙara nufarta, na ƙara turawa da ƙarfi. Ƙarar da muka yi, na tabbata an ji ta har unguwar Queens.

Hutun makaranta ne, Umma ta gaji da ganinmu kwance a falo, ta sa sunanmu a wani shiri da ake koya wa yara tuƙa ƙananan jiragen da iska ke turawa, a tsibirin nan da ke ƙarshen unguwar Bronx. Ni ina shekara goma sha biyar, ƙanwata, autarmu, tana sha biyu. Bayan abin da ya faru da gada, koci ta karɓi sandar daga hannuna ta miƙa wa auta. Yarinyar da ni na koya wa ɗaura igiyar takalmi! Ta zauna, ta ɗan karkata kai, jirgi ya miƙe sumul kamar ya shekara yana jiranta. Wai bakin hijabinta ne ke gaya mata inda iska ta fito. Washegari na ɗaura hankici a kunne, ban ji ya gaya mini komai ba.

Ni aikina shi ne jan igiyar ƙaramin ƙyallen da ke tare iska a gaban jirgi, da zama a gefe don kada jirgi ya kife. Wato an ɗauke ni aikin buhun shinkafa.

"Yaya, ja igiya!"

"Yaya, koma can, nauyinka nake so!"

"Yaya, sunkuya!" Wannan in za ta yi kwana ke nan, don ƙarfen da ke ƙasan babban ƙyallen yakan sharo ta saman kai.

A gida ita ke kawo mini ruwa in na aike ta. A kan ruwa kuwa, gaban yaran mutane, ni ake aika.

Da Baba ya tambayi yadda abin yake tafiya, na ce masa ni ne kyaftin, auta tana ɗan taimaka mini. Ta ɗago daga kwanon tuwo ta dube ni, ta ci gaba da cin abincinta. Kafin mako ya zagayo Baba ya gaya wa duk direbobin tasin da suke jiran fasinja tare a filin jirgin saman JFK cewa ɗansa na tuƙa jirgin ruwa. Sannan ya ce ranar tseren ƙarshen hutu zai ajiye aiki ya zo ya gani da idonsa. Baban da ko zazzaɓi ba ya hana shi fita ranar Asabar.

Dokokin tsere suna da yawa, wane ya ba wane hanya, wa iska ta fito ta damansa. Ɗaya ce ta zauna mini a kai. Akwai wasu manyan balan-balan ruwan goro a kan ruwa da ake zagayawa. In jirginku ko jikinku ya taɓa ɗaya, dole ku juya jirgi zagaye guda kafin ku ci gaba. Kuma babu alƙalin wasa a kusa, kai za ka hukunta kanka.

Ranar tsere na ja ta gefe. "Auta, in mun zo wucewa ta gaban Baba ki ba ni sandar, na minti ɗaya kawai."

"Yaya, ka manta gada?"

"Zan bar miki wayata har dare."

"Sa rigar ruwanka, za a busa usur."

Aka busa, muka fita a gaba. Baba na tsaye a kan gadar da na taɓa gaisawa da ita, waya a sama yana ɗaukar bidiyo. Na ga lokacin da ya gane wa ke riƙe da sanda. Na zata zai ɓata rai. Ina! Tsalle ya yi, da girmansa, yana ihu, "Auta ce ke tuƙi! Auta ce!" Ni da na ci jarrabawar lissafi, "To, a ƙara ƙoƙari" kawai na samu.

Muka iso balan-balan ta ƙarshe, har yanzu mu ne a gaba. Ta yi kwana daf da ita, kwana mai kyau, abin haushi. Na leƙa waje don in danne jirgi, gwiwar hannuna ta gogi balan-balan. Ko na leƙa fiye da yadda ake bukata? Ni dai har gobe cewa nake igiyar ruwa ce. Babu wanda ya gani, ita ma idonta na kan ƙyalle.

Na gyara murya kamar liman. "Mun taɓa."

"Ka tabbata, Yaya?"

"Wallahi mun taɓa. Doka ai doka ce."

Idonta ya kaɗa. Ta dubi layin ƙarshe, ga shi nan kamar ka miƙa hannu, ta cije leɓe ta tura sandar. Ta ce in sunkuya, amma ina can ina jin daɗin gaskiyata, ƙarfe ya same ni a ƙeya. Kafin mu gama juyawa jirage uku sun wuce mu.

A bakin ruwa koci ta ba waɗanda suka zo na ɗaya ɗan ƙaramin kofi, aka yi musu tafi sama-sama. Sannan ta ce abin da ya fi burge ta yau shi ne yarinyar da ke gab da cin tsere, ta hukunta kanta ba tare da kowa ya gan ta ba. Ta cire hularta, tsohuwar hular da yara ke cewa ta tsallaka teku da ita, ta ɗora wa auta a kan hijabi. Tafin da aka yi, tsuntsaye sai da suka tashi.

Na ɗaga hannu. "Ai ni ne na gaya mata mun taɓa!"

Koci ta ce, "Da kyau. Wa ya taɓa?"

Na sauke hannun.

Baba bai fahimci dokar ba sam, ya ɗauka juyin nan gwaninta ce. Tun kafin mu shiga mota ya tura wa 'yan uwa bidiyon a Kano, wai ku ga auta tana wasa da jirgi. Ita ta zauna a gaba, ni a baya da ƙulli a ƙeya. A wata danja ya dube ni ta madubi ya ce, "Kyaftin, ya kan naka?"

Na huɗu muka zo. Hular tana rataye a ƙofar ɗakinta, kuma da hutu ya sake zagayowa ita ce dai a kan sanda, ni a kan igiya.