Ƙwaryar Goggo a Ƙauyen Gargajiya

Ni ce na matsa wa Goggo, ƙanwar babana da ta rene ni a unguwar Waziriyya, sai mun je ƙauyen gargajiyar da aka gina a cikin Jidda. 'Yata ce ta fara zuwa da 'yan makarantarsu, ta dawo tana ba ni labarin mutanen kan duwatsun kudancin Saudiyya. Ni kuwa Allah ya yi ni da son ganin ƙwaƙwaf. A Jidda aka haife ni, na yi aure na haihu, amma ban taɓa sanin akwai Larabawan da mazansu ke ɗora furanni a ka ba.

Mun shiga wani ɗaki na dutse mai ƙaramar ƙofa. Bangon ciki duk zane ne, ja da kore da ruwan ɗorawa, layi bisa layi har sama. Wata dattijuwa tana tsugune tana ƙara wani layin. Na rufe ta da tambayoyi. Ta ce a garinsu mata ne ke wannan aiki, kafin salla maƙwabta su taru a ɗakin ɗaya su gama, gobe su koma na wata. Da can daga ƙasa da ganyaye suke samo launin. Na tambaye ta ko akwai ma'anar kowane zane, ta yi dariya ta ce wani akwai, wani kuwa hannu ne kawai ya ga dama.

Goggo ba zanen ne ya dame ta ba. Matar ta zuba mana gahawa, ta gutsuro mana burodi mai kauri da zuma, Goggo ta ci tana sa albarka. Tun a mota, a hanyar komawa gida, ta fara: "Mun ci abincin baƙuwa, mu 'yan gari. Abin kunya ne."

Na ce, "Goggo, aikinta ke nan. Kowa ya zo ana ba shi."

"Ni ba kowa ba ce."

Ranar Alhamis ta dama fura, ta sauko da ƙwaryar da ke kan kabad a naɗe cikin tsumma. Ƙwaryar mahaifiyarta ce, ta yi baƙi don tsufa, da ɗinki a gefe inda ta taɓa tsagewa, kuma ba ta da wani abin uwarta sai ita. Na ce ga kwanonin silba birjik. Ta harare ni, ta ce babbar baƙuwa ba a kai mata fura a gwangwani.

Ba mu tarar da dattijuwar ba, ta je salla. Goggo ta miƙa wa wani ma'aikaci da ke bakin ƙofa, ta ce da Larabcinta na kasuwa, "Hadiya, hadiya," wato kyauta. Muka juyo. A wurinmu magana ta ƙare: a sha fura, a wanke ƙwarya, a ajiye wa mai ita har ta aiko. Wa zai yi wa babban mutum bayanin wannan?

Da muka koma karɓa bayan mako guda, dattijuwar ta rungume Goggo, ta ce furar ta yi daɗi. Da aka zo maganar ƙwarya sai ta kama hannunmu zuwa wani zaure. Ga ta can cikin akwatin gilashi, an shafe ta da mai, fitila tana haska ta, tsakanin wata salka da turmin gahawa. An rubuta a ƙasa cewa kwano ne daga Afirka. Ashe ma'aikacin ya ɗauka ƙwaryar ce kyautar, furar kuwa rakiya ta yi.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ɗaga murya har shugaban wurin ya fito, mutum mai sanyin hali, yana ta ba da haƙuri. Ya aika a kawo mabuɗi. Na ce, "Yalla, Goggo, mu karɓi abinmu mu tafi."

Ba ta ko dube ni ba. Wasu yara 'yan makaranta sun kewaye akwatin, wata tana nuna wa ƙawarta ɗinkin da yatsa, tana tambayar yadda ake ɗinke abu mai tauri haka. Goggo ta tsaya tana kallonsu har aka kawo mabuɗin.

Sai ta ce, "Halas, a bar ta. Amma ki ce masa rubutun nan bai isa ba."

Mutumin ya ce me take so a ƙara.

"Ki ce masa wata mata ce ta ɗauko ta a ka daga ƙasar Hausa, da ƙafa, za ta Makka. A Sudan muka binne ta, ina yarinya. Ya rubuta cewa ita ba ta iso ba, ƙwaryarta ce ta iso."

Maimakon in fassara, sai na tsaya ina kallon ƙwaryar. Goggo ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Faɗa masa mana. Larabcin naki na faɗa ne kawai?"