Ranar Gayyar Babanmu

Har yau ba na son warin kunun da ya kwana. Da ya bugi hancina sai in ga tsakar gidanmu a Rurum, in ga tukwanen Inna jere a gindin rumbu, ƙuda na bin su.

Babanmu mutum ne da ba a kiran gayya ya rasa. Ko ta Kirista ce ko ta Musulmi, da ya ji ganga zai saɓa fartanya. Wata damina kurkunu ya kwantar da shi, ƙafa ta kumbura kamar turmi, ciyawa kuma ta taso wa dawarmu. Abincinmu na shekara ke nan. Sai aka yi shelar gayyarsa a majami'a ranar Lahadi. Dattijon ikkilisiya da bakinsa ya yi shelar, har da addu'a mai tsawo, kowa ya ce amin.

Inna ta dama kunu, ta tuƙa tuwon da zai ƙosar da unguwa. Rana ta take, waɗanda suka zo ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, cikinsu har da maƙwabcinmu, wani malami da ba ya ma shiga majami'armu. Dattijon nan ko leƙe. Daga baya muka ji kasuwar Rano ya tafi. Kai mai karatu, ka taɓa ganin uwarka tana juye wa awaki abincin da ta dafa wa mutane? Ni na gani, kuma ban yafe da wuri ba. Shekarar nan rumbunmu ko rabi bai yi ba.

Da kaka ta yi, dattijon ya kira tasa gayyar ta girbi, ko kunya babu. Inna ta ɗauke magirbin Baba ta cusa a ƙarƙashin rumbu.

"Malam, ba inda za ka. Da wace ƙafar?"

Baba ya ɗingisa gidan maƙwabci ya aro wani, ya tafi. Haushi ya hana ni cin tuwo ranar.

Da yamma ya dawo yana jan ƙafa, gyambon ya sake fashewa. Maƙwabcin yana zaune a ƙofar gida, ya ce, "Sannu da aiki. Ina gajiya?" Kowa ya san amsar, ko mutum zai faɗi ne sai ya ce ba gajiya. Baba ya zauna a kan dakali ya ce, "Akwai ta, Malam, har a ƙashi."

Inna ta jiyo daga ciki ta ce to ai ga shi nan.

Baba ya ce, "Na gaji, amma ban gaji da yi ba. Ubangiji bai hana jiki gajiya ba. Gajiya da alheri ya hana."

A lokacin na ɗauka wauta ce. Yanzu ma ba kullum nake yarda da shi ba.

Gayya ta mutu a garinmu, sai 'yan ƙwadago da maganin feshi. Baba ya rasu, Inna ta bi shi. Dattijon nan kuwa yana nan da ransa, idanu sun tafi, 'ya'yansa suna Kano sai dai waya. Duk masu amin ɗin nan ba mai leƙa shi. Ni nake goya shi a mashin duk ranar Alhamis in kai shi asibiti a Rano, ina tuƙi ina cizon yatsa, don har yau bai taɓa ambatar ranar nan ba, balle ya ce a yi haƙuri.

Jiya da na sauke shi, ya laluba ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, ina gajiya?"

Na ce, "Akwai ta, Baba. Ka shirya da wuri ranar Alhamis."